Beben Jirgi da Wutar Murhuna

Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da ake gaya muku a gidan Yaya Bawa. Tun kuna ƙanana kuke dawowa daga can da magana a baki, ku dube ni ku haɗiye ta. Ana ce muku ranar da babanku ya ɓace a sama, ana kuka a tsakar gida, ni kuwa ina gaban murhu ina tuƙa tuwo. Ba su yi ƙarya ba, na tuƙa. Amma wanda ya ba ka rabin labari ya fi maƙaryaci cutar da kai. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla, shi ya sa na zaunar da jikata Balaraba da alƙalaminta, na ce abin da na faɗa shi za ta rubuta, kada ta ƙara mini gishiri.

Ni ba haifaffiyar Ikko ba ce. Jirgin ƙasa ne ya kawo ni daga Zariya tare da gwaggona mai tuwon sayarwa, muka sauka Agege muka kafa tukunya kusa da tasha, inda 'yan dakon goro ke hutawa. Da gwaggo ta rasu na gaji tukunyar, da na yi aure na mai da ita bayan gidanmu, wajen ƙaramar ƙofa. Dangin babanku kuwa nan aka haife su, kakansu soja ne na Turawan farko. In rai ya ɓaci a gidan, Yarbanci ke riga Hausa fitowa. Uwarsu, wadda kowa ke ce wa Iya, 'ya'ya biyu ne suka rayu mata: Yaya Bawa mahauci, mai faɗa a ji a kwata, da babanku, wanda har ya tara iyali Auta take kiransa. Ni kuma 'yar Arewa ce a bakinta, ko bayan na haifa mata jikoki.

Babanku kafinta ne a ma'aikatar reluwe ta Ebute Meta, su ke gyaran kujeru da ƙofofin tarago. Mutum ne marar hayaniya, in ya ɗauki katako sai ya shafa shi kamar kan jinjiri. Bayan yaƙin Bama da 'yan shekaru, wani Bature ogansu, da ake kira Mai Lofe don ba ya rabuwa da lofensa, ya ce ya zo ranar Asabar ya duba masa wani aiki a gefen filin jirgi na Ikeja. Ashe su Mai Lofe ƙungiya gare su, shi da wasu ma'aikata da likitoci, kulob suke ce mata. Ba aikin gwamnati ba ne, sha'awa ce kawai. Jirgin sama suke tashi da shi, amma marar inji. Katako ne aka ɗame da yadi aka shafe da wani irin ƙaro, fukafukinsa dogaye, cikinsa bai wuce ƙaramin kwalekwale ba. Mota ke jansa da doguwar waya, ta yi ta gudu a fili har ya ɗaga, in ya yi sama na ciki ya saki wayar, daga nan sai shi da iska da Allah. Yaran Agege suka sa masa suna bebe, don yana wucewa ta kanka ba ka ji ba, sai dai ka ga inuwarsa ta gifta. Gyaran fiffike aka kira babanku, ya gyara. Daga gyara sai riƙe fiffike in za a tashi, daga nan sai Mai Lofe ya ɗauke shi a mai kujera biyu. Ranar da ya dawo daga wannan hawan na farko ya zauna bai taɓa abinci ba, yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

"Kande," ya ce, "ashe Agege ƙarama ce."

Na ce, "Ƙarama ce, Malam, amma nan ake tuƙa tuwon da kake bari yana hucewa."

Tun daga nan gidanmu ya zama gidan kallon sama. Asabar da Lahadi ne ranakun tashinsu, amma ba kowace Asabar ba, sai wadda gari ya yarda. In ya idar da sallar asuba sai ya fita tsakar gida ya ɗaga kai, ni ina wanke tukunya ina kallonsa. A hankali, ba don ina so ba, na koyi abin da yake dubawa. In gari ya wayi a rufe kamar an kifa masa ƙwarya, babu tafiya, sai ya ɗauko zarto ya gyara mini abin da ya karye a gida. In damina ta nutsa, fili ya zama fadama, motar ja ba ta iya gudu, wata da watanni beben yana cikin rumfa. Akwai ɗan tsaikon nan da ruwa ke yi a tsakiyar damina a nan kurmi, suna ɗan samun tashi a cikinsa, amma ba ya musu daɗi, ya ce iskar ba ta da ƙarfin ɗauka. Ranar da suke so ita ce wadda hantsi zai buɗe fes, rana ta gasa ƙasa, sannan gajimare su fito fari fat kamar tarin auduga a kasuwa, kansu a tattashe, gindinsu a shafe. Ya ce a ƙarƙashin irin waɗannan iska mai ɗumi ke hawa sama, in ka sa jirgi a cikinta ka yi ta kewayawa sai ta tafi da kai. Da yamma kuma in iskar teku ta shigo da sanyinta, wasa ya ƙare, kowa ya sauko.

Na tambaye shi yadda mutum zai gane inda iskar ke hawa, tun da ba ganinta ake yi ba. Ya ce ungulu ke nuna musu. Inda duk ka ga ungulu na shawagi ba sa kaɗa fiffike, nan ne, sai ka bi su. Ungulun Agege kuwa kowa ya san matattararsu, saman kwatar Yaya Bawa. Haka ta sa duk ranar tashi sai mahauta su ɗaga kai su ga ƙanen ogansu yana kewaya tare da ungulu, su yi ta dariya. Yaya Bawa bai ɗauke ta abin dariya ba. Wata Juma'a ya zo gaida Iya ya same mu duka a tsakar gida.

"Auta," ya ce, "ni na kore su da dutse, kai ka bi su sama kana musu fadanci? Gobe in an yi rabon hanji sai a ajiye maka naka."

Babanku ya ce, "Yaya, ai su suka riga mu iyawa."

"Ka ji ko, Iya? Kakanmu ya riƙe bindiga, jikansa ya zama almajirin ungulu." Ya juyo gare ni. "Ke kuma 'yar Arewa, ba ki da bakin hana shi?"

Na ce, "Yaya, wanda ya sha nono ɗaya da shi bai hana shi ba, ni da na zo a tarago?"

Ku ma kun sha tambayata me ya sa ban hana shi ba. Namiji ba akuya ba ne da za a ɗaure a turke. Kuma na ga inda abokan aikinsa ke kai Asabar ɗinsu, na ga yadda matansu ke karɓarsu da safiyar Lahadi. Nawa yana dawowa da warin ƙaro da kunar rana, da hankalinsa a jikinsa. Abu ɗaya na roƙe shi, in gabas ta yi baƙi kada ya tashi. Ya ce wannan ai dokar kulob ce ma, ba sai na roƙa ba.

Akwai wani abu da ya gaya mini a wannan shekarar, ku riƙe shi. Ya ce mai bebe in zai sauka dole ya san inda iska ke fuskanta, don da ita ake karo, ba a ba ta baya. A fili suna da wata doguwar jaka kamar ƙafar wando da suke ratayawa a sanda, amma daga sama ba ta ganuwa sosai. Shi hayaƙin murhuna yake dubawa. Ya ce duk Zango, unguwarmu ta Hausawa, babu mai hura wuta tun hantsi har la'asar da ɗanyen icen kurmi sai ni, hayaƙina ya fi na kowa kauri, da shi yake gane gida, da shi yake gane iska. Na ce to, ashe ɗanyen icen da nake zagin mai kawo shi kullum yana da rana.

Abin ya faru a farkon damina, lokacin nan da zafi ke manne wa mutum kamar rigar da ba ta bushe ba. A lokacin ya riga ya ƙware, shi kaɗai yake tashi a mai kujera ɗaya. Asabar ce. Da zan ce muku na ga wata alama da safen nan, da na yi ƙarya. Gari ya buɗe, audugar nan ta fito tun hantsi, ni da bakina na ce masa yau kam ranarku ce. Bayan azahar na fito zubar da ruwan wanke-wanke na hango beben a saman kwata, ya yi nisan da ban taɓa ganin ya yi ba, har ya wuce ungulun. Na koma kan aikina. Can sai na ji iska ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi, hayaƙina ya miƙe sak kamar tabarya. Na waiwaya gabas. Baƙi ƙirin, daga ƙasa har sama, yana tahowa da gudun da ban taɓa gani ba. Kafin in kwashe shanya iska ta iso, kwanon rufin maƙwabta ya tashi, kaji na gudu, mata na kiran 'ya'yansu da Hausa da Yarbanci. Ni ina tsaye da zane a hannu ina neman abu ɗaya. Na gan shi, ƙarami kamar ƙuda, a gaban hadarin, ya juya wa filin Ikeja baya ya nufi yamma, hadarin na biye da shi. Sai ruwa ya sauko ya rufe komai.

Dab da magariba mota ta tsaya a ƙofar gida. Mai Lofe ne, jiƙe sharkaf, hularsa a hannu. Yana jin Hausa irin tasu ta Turawan reluwe. Na tsaya a bayan ƙofar zaure.

"Uwargida," ya ce, "Kafinta bai sauka ba. Mun bi hanyar Ota, ruwa ya yanke hanya. Gobe da sassafe mu koma."

Na ce, "Bature, gaya mini gaskiya. Abin nan in iska ta ƙare masa, faɗowa yake kamar dutse?"

"A'a. A hankali yake sauka, in ya sami fili."

"In bai samu ba fa?"

Ya dubi lofensa da ya mutu. Na ce masa ya tafi, Allah ya kai mu goben.

Lahadi da hantsi wani Malam Idi ya iso a kan keke, laka har gwiwa. Mai sayen goro ne, a ƙauyukan bayan Ota yake zaune, sai lokaci-lokaci yake shigowa Agege. A tasha ya fara ba da labarin abin da ya gani, aka kamo hannunsa aka kawo shi gidanmu, Yaya Bawa na gaba, mutane na biye. Ya ce jiya yana fakewa a wata rumfar gona ya ga jirgin sama ya taho ƙasa-ƙasa, injinsa ya mutu, ya karkata ya faɗa bayan kurmi. Iya na zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno. Ta ɗora hannu biyu a ka ta kurma ihun da har yau in na rufe ido ina jinsa. Mata suka ɗauka. Ni na matso bakin ƙofa.

"Malam Idi, ka ga ya daki ƙasa?"

"Na ga ya yi bayan itatuwa, baiwar Allah."

"Ka ji ƙarar faɗuwa?"

"Ai abin da nake faɗa ke nan, ko tari injin ba ya yi. Tun a sama ya mutu murus."

"Ba shi da inji, Malam Idi. Haka aka ƙera shi."

Ya dube ni kamar wadda baƙin ciki ya taɓa wa hankali. Shi bai taɓa jin jirgi marar inji ba. Mutanen da ke tsaye ma, duk da sun saba ganin beben, da yawa sun ɗauka injin ne da shi marar ƙara. Maganar ta riga ta fita: inji ya mutu, jirgi ya faɗi. Kafin azahar ta kai Sabo Yaba, ta kai Idumota. Yaya Bawa shi ya san babu inji, amma yana da tasa shaidar.

"Da inji da babu inji," ya ce, "tun safe yarana ke ganin ungulu sun taru can yamma suna kewaya wuri ɗaya. Mu mahauta ne, mun san abin da ke tara ungulu."

Na ce, "Yaya, in rana ta yi zafi kullum suna kewayawa."

Bai ko dube ni ba. Ya ce a fitar da tabarmi ƙofar gida. Idanunsa sun yi ja, ba zan ce muku ba ya son ƙanensa ba. Shi mutum ne da in abu ya same shi sai ya ga ya yi wani abu da hannunsa, ko da shimfiɗa tabarmar makoki ce.

Kun san al'ada. Gidan mutuwa ba a hura wuta, maƙwabta ke kawo abinci. Matar mamaci kuma a cire mata 'yan kunne da awarwaro, a tsefe mata kai, ta shiga ɗaki ta fara takaba. Tsofaffin unguwa uku suka shigo ɗakina, ɗaya da mataji a hannu. Na gaishe su da ladabi, na ratsa ta tsakaninsu na fita. Na je bayan gida, na jera ice, na zuba garwashin da na rufe da toka, na durƙusa na hura. Na ɗora tukunya. Da hayaƙi ya tashi ya haura katanga, kukan tsakar gida ya tsaya cak. Yaya Bawa ya shigo da kansa, wani yaron kwata na biye da shi da bokitin ruwa.

"Kande, kashe wutar nan."

Ran nan ne ya fara kirana da sunana.

Na miƙe da muciya a hannu, ba don duka ba, da ma tana hannuna. Na ce, "Yaya, kai ne babba a gidan nan, ban taɓa ƙetare maganarka ba. Ka kawo mini shi, ko a makara ne, ni da hannuna zan karɓi bokitin nan in zuba. Amma ba zan kashe wuta a kan maganar wanda ya ga bayan itatuwa ba."

Iya ta taso, ana riƙe da ita. Ta fara da Yarbanci ta ƙare da Hausa, don kada in ce ban ji ba.

"Ɗana yana kwance a kurmi, ke cinikinki kike tunani. Na faɗa tun farko, 'yar Arewan nan dutse ne a ƙirjinta."

Na koma kan tukunyata, uwa ce. Aka kira liman. Ya saurari kowa, ya ce a shari'a ba a takaba da jita-jita, sai an tabbatar. Tsofaffin nan suka mai da matajinsu. Amma bai ce a naɗe tabarmi ba, ya ce masu zuwa jaje ba a korarsu. Haka gidan ya rabu biyu, gaba ana karɓar gaisuwa, baya ana tuƙa tuwo. 'Yan dako da ba su ji labari ba suka zo ƙaramar ƙofa kamar kullum, wanda ya miƙo kwano na zuba masa. Wannan shi ne cinikin da ake faɗa muku.

Kada ku ɗauka ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai bebe ba ya kwana a sama, babu wanda ke can yana neman hayaƙina. Amma a raina, in na bari aka zuba wa wutar nan ruwa, na sa hannuna ke nan a cikin mutuwarsa, ni da ban ga komai ba. Cikin matan unguwa mutum ɗaya ce ta zo ta zauna kusa da ni, Maman Sikira, Bayarabiya maƙwabciyarmu mai sayar da ganyen ɗaure goro. Ta tura mini ice a murhu ta yi ƙasa da murya.

"Kande, pele, sannu. Ki riƙe. A wurinmu wanda aka gama yi wa makoki in ya dawo akudaaya ne, mataccen da ke yawo cikin masu rai. Ko ruwa ba mai karɓa daga hannunsa."

Na ce, "Ke kin yarda yana da rai?"

Ta ce, "Ni? Ban yarda ba. Ice dai nake tura miki."

Da yamma Mai Lofe ya aiko cewa ba su ga komai ba. Litinin da safe tabarmi suka ƙaru. Abokan aikinsa na Ebute Meta suka zo a jirgin safe, 'yan uwa na cikin Ikko suka zo da kwanonin abinci, suna wucewa ta gabana kamar ba su gan ni ba. Na sake hura wuta. A ranar tuwona ya yi gudaji, abin da bai taɓa yi ba tun ina yarinya a gaban gwaggo. Hannuna ya ƙi tuƙi. Na fara tunanin inda zan sa fuskata in an shigo da makara, da yadda zan karɓi bokitin nan kamar yadda na yi alkawari.

Bayan azahar jirgin kaya na wajen Ifo ya yi kuka a tasha. Ban ko ɗaga kai ba, kullum yana yi. Sai na ji hayaniya na tahowa daga can, irin ta mutanen da ke gudu suna barin wuri, ba ta masu zuwa kallo ba. Na leƙa ta ƙaramar ƙofa. Wani mutum ne ke tahowa tsakiyar hanya yana dogara sanda, sanye da wata tsohuwar agbada, babbar rigar Yarbawa, da ta yi masa yawa, ƙafarsa ɗaya a ɗaure da tsumma da ganye, ga zakara a hammatarsa. Matan kasuwa na dumbuzar ƙasa suna watsa masa, don in fatalwa ce ta ɓace. Wadda ta fi kowa dumbuza Maman Sikira ce.

"Haba, Maman Sikira!" ya ce. "Ni ne fa! Idona!"

Da na ji muryar na san babanku ne. Bai ɓace ba. Ya zagaya ta gaban gida, masu zaman makoki suka watse, wasu ko takalmi ba su tsaya ɗauka ba. Ya tsaya yana kallon tabarmi da butoci da farantin goro.

"Inna lillahi. Wa ya rasu?"

Yaya Bawa kaɗai bai gudu ba. Ya matso ya kama kunnensa ya murɗa, kamar yadda yake masa suna yara, har babanku ya yi ƙara zakara ya kuɓuce. Sai ƙaton mutumin nan, da shanu ke tsoro, ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hularsa.

"Kai ne, Auta," ya ce. "Kai ne ka rasu, ɗan banza."

Labarinsa gajere ne. Da ya ga hadari ya shiga tsakaninsa da fili, ya san in ya juya ya hallaka, sai ya gudu a gabansa, iskar gaban hadarin na ɗauke da shi, har ya wuce inda Malam Idi ya gan shi da nisa. Ya hango gonar rogo wajen Ilaro ya sa jirgin a ciki. Fiffike ɗaya ya karye, shi kuma ƙafarsa ta gurɗe. Mutanen ƙauyen suka gudu da farko, sai da ya yi musu Yarbanci ya tambayi gidan bale, wato mai garinsu. Rafi ya cika ya tafi da gadarsu, ba mai fita ba mai shiga, sai Litinin suka ɗauko shi a kafaɗa zuwa wata ƙaramar tashar reshen layin dogo. Agbadar ta bale ce, zakaran kuma kyautar mai gonar ne, wanda ya ce tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa baƙo daga sama ba.

Aka shigo da shi wurin Iya. Ta shafa fuskarsa, ta shafa kafaɗunsa, ta shinshina kansa kamar jariri. Ta daɗe tana haka. Ina tsaye gefe da ruwan sha a kwano, na ɗauka yanzu kam za ta dube ni mu yi dariya. Ta ɗago ta dube ni.

"Ashe kin sani," ta ce. "Kin san yana da rai, kika bar ni na yi kukan ɗana."

Na ce, "Iya, wallahi..."

"Wa ya duba miki? Mace ba ta tsayawa haka sai da abin da ta taka."

Abin da wutar ta jawo mini ke nan. Jiya ni ce mai dutse a ƙirji, yau na zama mai asiri. Daga ranar Iya ba ta sake cin abin da na dafa ba, daga gidan Yaya Bawa ake kawo mata a kwano, har ta koma ga Allah. Na yi mata jinya, na wanke ta, na juya ta, amma ko kunu sai an ce mata ba ni na dama ba. Matan gidan Yaya Bawa suka riƙe maganar suka ba 'ya'yansu, 'ya'yansu suka ba ku. Shi kansa Yaya bai ƙara tayar da ita ba, duk sallar layya kuma sai ya aiko mini da tozo, ba ya cewa komai, ni ma ba na cewa. Beben aka ɗauko a babbar mota, babanku ya gyara fiffiken da hannunsa, ya ci gaba da tashi har kulob ɗin ya watse da Turawan suka fara komawa ƙasarsu.

A yammacin Litinin ɗin nan, da aka naɗe tabarmi mutane suka ragu, ya ɗingiso ya same ni a bayan gida. Ya zauna a kan turmi. Na zuba masa tuwon, mai gudajin, don shi ke akwai. Ya ci loma biyu bai ce komai a kai ba, sannan ya dube ni.

"Kande, tsakaninki da Allah, kin san zan dawo?"

"Ban sani ba, Malam."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Yau da safe ma na fara cire rai."

"To me ya sa kika tsaya wa Yaya haka?"

Na ce, "Babu wanda ya kawo mini gawa."

Ya ajiye lomar da ke hannunsa yana kallona, har na ga idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa ba na iya irin wannan kallo. Na jawo ƙwarya na zuba ruwan zafi daga tukunya, na sirka shi, na durƙusa na fara kwance tsumman da aka naɗa masa.

"Miƙo ƙafar," na ce. "Kuma kafin ka shigar mini ɗaki ka tuɓe rigar mutane, ƙasar kasuwa duk ta cika ta."